Rumfar kwano a filin haya: mu zuba bulo ko mu haƙura?

Dattijo Bulus: Salama gare ku 'yan'uwa. Wata magana ce ta raba kan kwamitin gininmu, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai magina a cikinku, akwai masu sanin doka, akwai kuma waɗanda suka riga mu shan ruwan Legas. Ikilisiyarmu ta masu sujada da Hausa ce, gaba da Mile 12 kaɗan in ka nufi Ikorodu. Tun 2017 muke cikin rumfa a filin haya. Jikinta langa-langa da katako, samanta kwano, ƙasa daɓen siminti da ya gama farfashewa. Mai filin Bayarabe ne, mutumin kirki, shekara-shekara muke biyansa, bai taɓa ɗaga mana murya ba.

Damina ce ke wahalshe mu. In ruwan Yuni ko Yuli ya sauko a kan kwanon nan, ko Fasto zai tsage maƙogwaro ba mai jin wa'azi, sai dai a ɗauko Littafin Waƙoƙi a yi ta rerawa har ya tsagaita. Ta ƙasa kuma kwata ta cika ta dawo mana ciki. Da rani, kafin ƙarfe 11 kowa ya mai da takardar tsarin sujada mafici.

Yanzu asusun gini ya ɗan tara wani abu. Wasu sun ce a zagaye rumfar da bulo, a ɗaga daɓe, a sa silin. Wasu sun ce mu kama hayar saman wani kangon bene da ke kusa, an zuba dakin, wato rufin kankare, amma ba a yi filasta ba. Wasu kuma sun ce mu sayi fili can bayan Ikorodu inda ƙasa ke da sauƙi, mu kafa tanti har Allah ya hore. Me kuka gani?

Maman Tabita: Baba, tunda kun kawo maganar waje, bari mu ma mu faɗi namu. Maza suna shigowa ƙarfe 8 su tarar wuri a bushe, su zauna a benci. Ba su san 'yan zumuntar mata tun asuba suke can da bokiti da tsintsiya suna kwashe ruwa ba. Ran nan sai da muka ɗora ganga da akwatin lasifika a kan tebur ɗin baiko don kada su jiƙe. Yara 'yan makarantar Lahadi kuwa a ƙarƙashin tamfol suke, a bayan janareta, hayaƙi na shiga musu hanci. Ni dai ƙuri'ata bulo. Shekara nawa za mu yi muna cewa wucin gadi? Tabita da aka yi wa suna a rumfar nan yau tana firamare.

Malam Yohanna Birkila: Mama, na ji kukanki, kuma gaskiya ne. Amma ni da hannuna yake cikin siminti kullum, bari in faɗa muku abu biyu, ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Kangon benen nan, ku cire shi daga lissafi tun yanzu. Ginin da aka zuba wa dakin aka bari shekaru ba rufi, ruwa yana ratsa kankare ya kai ga rodi. Iskar Legas kuma da gishiri take tafe. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya tsaga kankaren daga ciki, kai kana kallo daga waje kana ganin lafiya lau. Sannan wanda ya zana ginin nan ɗakunan kwana ya lissafa, miji da mata da 'ya'ya da kujeru. Bai lissafa mutum 200 suna rawar godiya a lokaci guda, ƙafa na sauka tare ba. Ku je ku duba matakalar ma. Na tabbata guda ɗaya ce, siririya, ba abin dafawa. Ranar da waya ta yi tartsatsi wani ya yi ihun wuta, a matakalar nan za a tattake yara.

Ba mu manta da Ikotun ba. Ranar 12 ga Satumba 2014 masaukin baƙi na cocin Synagogue ya rufto, mutum 116 suka rasu, yawancinsu 'yan Afirka ta Kudu, binciken da aka yi kuma ya nuna ginin bai da izinin gwamnati. A Uyo, Disamban 2016, rufin coci ya sauko kan jama'a ana tsakiyar bikin naɗa bishop, gwamnan jihar ma yana ciki, ginin da ba a gama ba aka yi gaggawar shiga. Rumfarku ta langa-langa, duk muninta, in iska ta kwashe ta kwano ne zai tashi. Dakin in ya sauko ba a ba da labari.

Na biyu, bulo. Ƙasar wajen nan fadama ce aka cike. In ka jera bulo a kan tsohon daɓe ba harsashi, damina biyu bango zai tsage. In kuma za ka yi harsashin da ya dace da irin wannan ƙasa, kuɗin da ke asusunku a cikin rami zai ƙare kafin bulo ɗaya ya leƙo sama, ga buhun siminti da muka saba saya ƙasa da 5,000 ya kai wajen 10,000 a 2024. Duk wannan a filin wani.

Istifanus: Ni abin da ban gane ba, yaushe rumfa ta zama abin kunya? Isra'ilawa a alfarwa suka yi sujada. Ku duba 1 Sarakuna 6:1, sai bayan shekara 480 da fitowa daga Masar Sulemanu ya fara gina Haikali. A nan Legas ɗin ma, a Badagry, gindin bishiyar Agia aka fara wa'azin bishara a 1842, 'yan mishan Thomas Birch Freeman da Henry Townsend a nan suka yi Kirsimetin shekarar. Ikilisiya mutane ce. Inda biyu ko uku suka taru cikin sunansa, yana nan.

Rabaran mai ritaya: Ɗana Istifanus, ka karanta da kyau, amma ka ƙarasa. Alfarwar da kake magana a kai ba tarkace ba ce. Je ka Fitowa daga sura 25, ka ga yadda aka auna kowane katako, aka faɗi irin zaren labule, a Littafin Ƙidaya sura 4 kuma aka faɗi wanda zai ɗauki me in an tashi. Abin tafi-da-gidanka ne, amma an yi shi da tsari da ɗaukaka. Kuma Dawuda da kansa ransa bai kwanta ba, ya ce wa Natan ga shi yana zaune a gidan katakon al'ul, akwatin Allah kuwa yana cikin alfarwa. Haggai ma ya tsawata wa mutanen da suka gyara gidajensu suka bar Haikali kango.

Ban ce a zuba bulo ba. Abin da nake gudu shi ne mu riƙa fakewa da aya muna rufe sakaci. Na ga ikilisiyoyi da dama da kalmar wucin gadi ta zame musu hujjar barin waya tsirara a jikin kwano, da barin mata ba makewayi. In za a zauna a rumfa, a zauna, amma ta zama rumfar da aka yi da niyya.

Maman Tabita: Yauwa Baba Rabaran, Allah ya ƙara girma. Makewayin nan ma shi ne babban abin. In mai ciki ta matsu sai ta je roƙo gidan maƙwabta.

Ladi: Wani abu kuma da ba a faɗa, aure. 'Yan matanmu in lokacin biki ya zo sai su nemi a ɗaura a babbar majami'a a cikin gari, saboda hoto da kuma dangin miji. Daga nan shi ke nan, can suke zama. Rumfa tana rainon yara, manyan coci suna girbe su.

Barista: Salama. Baba Bulus, tambaya ɗaya kafin komai: akwai yarjejeniya a rubuce tsakaninku da mai filin, ko rasit kawai kuke karɓa?

Dattijo Bulus: Rasit ne, Barista. Da hannunsa yake rubutawa.

Barista: To a nan gizo ke saƙar. Ƙa'idar doka ita ce, abin da aka kafa a ƙasa ya zama na mai ƙasa, sai in an rubuta akasin haka. Ranar da kuka ɗora bulo, kun yi wa mai filin gini kyauta. Kun ce mutumin kirki ne, na yarda. Amma ba da shi kaɗai kuke hulɗa ba, har da 'ya'yansa da ba ku sani ba. In ya kwanta dama, magada suka ga mai gina gidajen haya ya zo da kuɗi a hannu, takardar tashi za ku gani. Ba mugunta ba ce, Legas ce.

Sai ɓangaren gwamnati. Yawancin mutanenmu suna ɗauka tunda ba bulo ba ne, ba ruwan hukuma. Ba haka ba ne. Akwai LASPPPA mai ba da izinin tsara gini, akwai LASBCA mai sa ido kan ginin kansa, ita ce kuke ganin jan fentinta a jikin bango. Akwai kuma LASEPA ta muhalli. A tsakiyar 2016 LASEPA ta rufe coci 70 da masallaci 20 saboda hayaniya, shugabanta na lokacin, Adebola Shabi, ya kuma ce gwamnati ba za ta ci gaba da barin ana mai da gine-ginen wucin gadi wuraren ibada ba. Cewa ba a zo kanku ba tukuna ba ya nufin kuna da izini. Yawanci ƙorafin maƙwabci ne ke kawo su.

Ku kuma auna tazararku da babbar kwata. Tun 2023 ma'aikatar muhalli ta jiha take rushe abin da aka gina a kan hanyar ruwa, manyan gidaje a Lekki ma ba su tsira ba, balle rumfa.

Filin bayan Ikorodu kuwa, ban hana ba, amma kada ku ba kowa sisi sai safiyo ya ɗauki awon wurin an kai Alausa, sakatariyar gwamnatin jiha, an duba ko yana cikin filayen da gwamnati ta riƙe. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa a hannun gwamna take, cinikin fili ba ya kammala sai da amincewarsa. Ga omo onile, 'yan gidan masu ƙasa, da za su karɓi kuɗin harsashi, su dawo kuɗin dakin, su dawo kuɗin rufi. An yi doka a kansu a 2016 zamanin Ambode, ta rage, amma duk wanda ya yi gini a bayan gari zai gaya muku ba ta kashe abin ba. Kuma takardun su fito da sunan amintattun ikilisiya masu rajista, ba sunan Fasto ko wani dattijo ba, komai amanarsa.

Alhaji Sani Mai Tumatir: Assalamu alaikum. Ku gafarce ni in sa baki, ni ba ɗan coci ba ne amma ciwon ɗaya ne. Masallatai 20 ɗin da Barista ya ambata, ai namu ne. Mu ma a kasuwanni yawancin masallatanmu katako ne da kwano. Akwai wanda muka haɗa kuɗi muka yi wa tayil, muka sa fankoki, muka gina wurin alwala, bai rufa shekara biyu ba aka ce za a faɗaɗa hanya. Fankoki da tabarmi da agogon bango muka tsira da su. Tayil yana can ƙarƙashin kwalta.

Shawarata Baba Bulus, ku sauke amsa-kuwwar da ke waje in akwai. Langa-langa ba ya riƙe sauti, abin da kuka faɗa a ciki kamar a ɗakin maƙwabci kuka faɗa. Mu da muka mai da tamu ciki, ban da kiran salla, muka kuma riƙa kai wa baale, wato mai unguwar Yarbawa, gaisuwa lokacin Salla, wallahi ƙorafi ya ragu sosai. Baƙo a garin mutane da maƙwabci yake zama, ba da takarda kaɗai ba.

Dattijo Bulus: Wa alaikumus salam Alhaji, mun gode ƙwarai. Akwai ɗaya a kan sanda, matasa ne suka ɗora.

Barista: Ku sauke ta kafin Lahadi. Ma'aunin ƙarar sauti na LASEPA a unguwar zama desibel 55 ne da rana, 45 da dare. Hirar mutum biyu ma tana kaiwa kusan 60 in kana kusa da su, to ku kwatanta da addu'ar kwana da ganga.

Danjuma Okada: Ni dai masu cewa a koma bayan Ikorodu nake so su amsa min. Su wa ke cika bencin nan? Masu gadi, 'yan acaɓa, masu dako a Mile 12, 'yan aikin gida, sai matan sojoji da 'yan sanda kaɗan. Mai gadi yana sauka aiki ƙarfe 6 ko 7 na safe, ya wanke fuska ya taho da ƙafa. 'Yar aiki awa uku madam ta ba ta. Ka ce su hau mota biyu zuwa, biyu dawowa, da kuɗin motar yanzu tun da aka cire tallafin mai? Tun Yunin 2022 da aka hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa da sauransu, rabin abokaina sun koma gida ko sun tsallaka Ogun. Waɗanda suka rage da ƙyar suke sa 200 a baiko. Za ku sami fili da takarda, amma Fasto da iyalinsa za su yi sujada a ciki.

Istifanus: Shi ya sa na ce a bar rumfa yadda take. Mu fa baƙi ne a nan. Wa zai tsufa a Legas? Kowa yana tara na komawa Kagoro ko Billiri ko Zuru. Kuɗin nan da a aika gida ya fi. 'Yan'uwanmu na cocin EYN, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, a 2014 Boko Haram ta kai har hedkwatarsu a Kwarhi kusa da Mubi, majami'u da yawa aka ƙone a Borno da Adamawa, mutane suka dawo suna sujada a cikin kangon da ba rufi da gindin itatuwa. Mu ruwan sama ne kawai ke damunmu.

Maman Tabita: Istifanus, kai ba ka da iyali a nan shi ya sa. 'Ya'yana Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsu. Wane gida za su koma? Kakanninmu da suka zo Agege da Idi-Araba da Obalende su ma cewa suka yi ci-rani suka zo, ga jikokin jikokinsu nan. Taimakon gida daban, muna yi, zumuntar mata ko bara ta aika. Amma kuɗin da aka tara da sunan gini a nan ba za a karkatar da shi ba. Gwauruwar da ta ba da 500 ɗinta don rufi ta bayar.

Rabaran mai ritaya: A nan Maman Tabita ta fi ka gaskiya, ɗana. Baikon da aka karɓa da suna, a kan sunan ake kashe shi, in ba haka ba gobe ka ce a kawo ba mai kawowa.

Ladi: Ajin makaranta fa? Akwai masu zaman kansu da ke ba da haya ranar Lahadi. Ga rufi, ga makewayi, ga azuzuwan yara.

Danjuma Okada: Mun taɓa yi kafin mu samu filin nan. Kowace Lahadi a kwashe tebura a jera benci, a tashi a mayar. Ba addu'ar Laraba, ba koyon waƙa, ba taron mata. In alli ya ɓata mu ne, in taga ta fashe mu ne. Ranar da suke bikin yaye ɗalibai kuwa sai dai mu tsaya a waje.

Malam Yohanna Birkila: To bari in faɗi abin da zan yi da ni ne kwamiti. Duk naira da za ku kashe a filin nan, ku tambayi kanku: in an ce mu tashi cikin wata uku, wannan zai hau mota ya bi mu?

Ku cire katakon nan da gara ta cinye. A kira mai walda ya yi ginshiƙai da kan rufi na ƙarfe, amma a haɗa da noti, kada a like da wuta, yadda za a kwance a ɗaure a wani wuri. A shafa musu jan fentin hana tsatsa kafin a ɗaga. A ƙara tsawon rumfar, a bar tazara tsakanin bango da rufi a sa raga, zafi ta sama yake fita. Ƙarar ruwa kuma silin ke kashe ta, ko na roba ne, in an shimfiɗa soso ko abin hana zafi a ƙarƙashin kwanon. Ƙasa, maimakon sabon daɓe, a zuba yashi a ɗaga ta ta fi bakin kwata, a jera intalok, wato ƙananan tubalan daɓe da ake jerawa ba siminti. Shi ɗai-ɗai ake tsince shi a loda a mota. Waya duk a sa ta cikin bututu, a kafa sandar ƙasa mai zubar da wutar lantarki cikin ƙasa, domin rumfar ƙarfe da wayar da ta fiƙe a cikin ruwa ita ce ta fi ba ni tsoro a wurinku, fiye da iska. Ƙofa biyu aƙalla, masu buɗewa waje, da tukunyar kashe gobara kusa da janareta, shi kuma janaretan a raba shi da yara.

Abin da ya rage a asusu kada a taɓa. A ci gaba da tarawa ana neman fili a hankali, kusa, ko rabin fuloti ne.

Barista: Na goyi baya, da sharaɗi. Kafin a sayi ƙarfe ko ɗaya, a zauna da mai filin a yi yarjejeniya a rubuce, ta shekara 5 ko fiye in ya yarda. A rubuta cewa rumfa da duk abin da ke cikinta na ikilisiya ne kuma za ta kwashe in ta tashi, a rubuta wa'adin sanarwa, babban ɗansa ya sa hannu a matsayin shaida. Sannan a je ofishin tsara gari na yankin a tambayi irin izinin da ake bukata, kada a tsaya ga abin da wani ɗan kamasho ya faɗa a bakin ƙofa.

Istifanus: In ka je ka tambaya ai ka tona wa kanka asiri. Yanzu ba su san da mu ba.

Barista: Sun sani. Amsa-kuwwarku tana kan sanda.

Alhaji Sani Mai Tumatir: Hahaha, Barista ba ka da dama.

Maman Tabita: Duk na ji, na haƙura da bulo. Amma Malam Yohanna, a jerin nan naka ban ga makewayi ba. Shi ma mota zai hau?

Malam Yohanna Birkila: Shi kam ba zai hau ba, Mama. Ɗakin da ke saman ramin za a iya yi da ƙarfe da kwano, amma ramin sai an gina da bulo an yi masa filasta ciki da waje, don ruwa a wajen nan kusa yake, in ka haƙa kaɗan ka same shi. Wannan asara ce da za a ɗauka da ido buɗe.

Maman Tabita: To a ɗauka. Kuma shi za a fara yi kafin silin. Guda biyu, na mata daban.

Dattijo Bulus: Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Zan kai wa kwamiti ranar Laraba bayan addu'a. Abin da ke damuna shi ne mai filin. Tsoho ne, ba ya son lauya, ina tsoron in mun zo masa da takarda ya ga kamar mun raina amanarsa, ko 'ya'yan su farga su ninka haya. Alhaji, kai da ka daɗe da su kuma kana jin Yarbanci, za ka iya raka mu?

Alhaji Sani Mai Tumatir: Me zai hana, Baba. Amma ba ranar Juma'a ba, kuma ba da safe ba, lokacin motoci ke sauke kaya. Kada ku zo da Barista a zuwan farko. Mu je mu gaishe shi kawai, ni zan kawo kwandon tumatir da albasa, maganar takarda sai zuwa na biyu.

Malam Yohanna Birkila: Ni kuma Asabar da yamma zan shigo in auna wurin. A samo min wanda zai riƙe min bakin tef, kuma a buɗe min wajen mita in ga wayar.

Danjuma Okada: Zan zo. Amma amsa-kuwwar nan sai Fasto ya yi wa matasa magana da kansa, ni ba za su ji tawa ba.